Yadda ake hutun yawon ƙafa a ƙauyen Mürren na tsaunukan Alps a lokacin bazara

Mürren ƙauye ne a ƙasar Suwizalan, a yankin da ake kira Berner Oberland. Yana zaune a bakin wani katafaren dutse, mita 1,638 sama da teku, kwarin Lauterbrunnen kuma na can ƙasansa. Babu titin mota da ya kai shi. Daga ƙofar masaukinka kana hangen manyan tsaunuka uku, Eiger da Mönch da Jungfrau, wanda mafi tsawonsu ya kai mita 4,158. Na fi son tura sabon shiga nan saboda hanyoyi masu sauƙi da masu wuya duk daga cikin gari suke tashi, kuma idan ƙafa ta gaji akwai jirgin ƙasa ko motar igiya (tarago mai rataye a jikin igiyar ƙarfe da ke hawa dutse da mutane) kusa. Yawon dutse ba gwajin ƙarfi ba ne. Abin da ke raba wanda ya ji daɗi da wanda ya sha wuya shi ne lissafin lokaci da lura da sararin sama.

Kayan da za ka tanada

Takalmi shi ne kan gaba. Ka nemi na hawan dutse wanda ya rufe idon sawu, mai ƙasan roba da zurfin zane. Ka saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada shi da safar da za ka yi tafiya da ita, ka tabbata akwai sararin yatsa ɗaya a gaba. Idan babu wannan sarari, gangara za ta kashe maka farce. Kambas mai kyau zai yi a hanyoyin da ke shimfiɗe, amma ba a kan tsakuwa da laka ba.

Safa ta ulu ko ta zaren roba, ƙafa uku. Ta auduga tana riƙe gumi, gumi kuma shi ke kawo bororo.

Tufafi hawa uku: riga mara nauyi mai saurin bushewa a jikin fata, rigar sanyi a kai, sai rigar ruwa mai hula wadda iska ba ta ratsa ta. Wando ya zama mara nauyi, ban da jins, don idan ya jiƙe yini zai yi bai bushe ba. Ke kuma 'yar'uwa, wando da riga mai kaiwa gwiwa da hijabi matsakaici sun fi doguwar abaya, wadda kan shiga ƙarƙashin takalmi a wurin hawa.

Jakar goyo mai cin lita 20 zuwa 25, mai maɗaurin ƙugu. A cikinta: gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, hular sanyi, safar hannu, hular rana, baƙin tabarau, man kare fata daga rana, man leɓe, filasta, bandeji, maganin ciwon jiki, usur, ƙaramar tocila, batirin cajin waya, da leda ta zuba shara.

Sandunan tafiya guda biyu masu naɗewa. Ba dole ba ne, amma mai ciwon gwiwa kada ya bar su. Idan ba ka da su, shagunan kayan wasanni na yankin suna sayarwa, wasu ma suna bayar da haya.

A waya ka sauke manhaja uku tun kana gida: SBB Mobile ta jadawalin jiragen ƙasa, MeteoSwiss ta hasashen yanayi, da swisstopo ta taswira, ka ajiye taswirar yankin yadda za ta buɗe ko babu intanet. Soket ɗin Suwizalan daban yake da namu mai ƙafa uku masu faɗi, don haka ka riƙe adafta.

Mataki na 1: Zaɓen lokaci

Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Ƙarshen Yuni da farkon Yuli furanni ne ko'ina, amma hanyoyin da suka haura mita 2,200 kan kasance da sauran dusar ƙanƙara. Yuli da Agusta sun fi ɗumi, sun fi cunkoso, sun fi tsada, kuma su ne watannin hadarin la'asar. Ni dai farkon Satumba na fi so: iska ta yi garau, mutane sun ragu. Kwana shida ko bakwai a gari ɗaya ya fi tsalle daga wannan gari zuwa wancan, domin idan ruwa ya ɓata maka kwana biyu kana da sauran.

Mataki na 2: Takardu da inshora

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, har da Suwizalan. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma kada ka bari sai saura mako biyu. Za a nemi shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, bayanan asusun banki, da inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000. A nan mutane ke yin sakaci: suna sayen inshora mafi arha don kawai a ba su biza. Ka karanta takardar, ka tabbata ta ƙunshi ceto a kan dutse. Idan jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko ka, kuɗin dubban faran ne na Suwizalan, kuma kai za a miƙa wa takardar biya.

Mataki na 3: Horar da jiki tun daga gida

Mako shida kafin tafiya ka fara. Tafiyar awa ɗaya sau uku a mako, da takalmin da ka saya da jaka a baya, ka sa mata nauyin kilo biyar. Ranar hutu ka kai awa uku. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta isa ba, sai ka nemi hawa: mutumin Kano yana da matakalar Dala, na Zariya yana da Kufena, na Jos kuwa duwatsun Shere. Wanda ba shi da dutse kusa ya nemi bene mai hawa uku ko huɗu, ya hau ya sauka sau goma. Ka kula da saukar kamar yadda kake kula da hawan, ita ce ke cin cinya da gwiwa. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ya ga likitansa kafin ya sayi tikiti.

Mataki na 4: Isa ƙauyen

Daga filin jirgin saman Zurich ka hau jirgin ƙasa zuwa Interlaken Ost, yawanci da canji a Bern. Daga nan sai ƙaramin jirgi zuwa Lauterbrunnen, tafiyar minti ashirin. Hattara: wannan jirgi yana rabewa biyu a tashar Zweilütschinen, rabi ya nufi Lauterbrunnen, rabi ya nufi Grindelwald. Ka duba rubutun jikin taragon kafin ka shiga.

Daga Lauterbrunnen hanya biyu ce. Ko dai ka tsallaka titi ka hau motar igiya zuwa Grütschalp, ka sake hawa ƙaramin jirgi zuwa Mürren, ko ka hau bas mai launin rawaya zuwa Stechelberg a ƙarshen kwarin, ka hau motar igiya daga can. Tambayi mai masaukinka wace tasha ta fi kusa da shi, domin tashoshin biyu suna ƙarshe da ƙarshen gari ne, kuma da ƙafa za ka ja akwatinka.

Sufuri a nan yana da tsada ƙwarai. Katin rabin kuɗi na baƙi, Swiss Half Fare Card, yana aiki wata guda, kuma ga wanda zai yi mako yana hawa da sauka yakan mayar da kuɗinsa. Idan kuɗin masauki a Mürren ya fi ƙarfinka, duba Gimmelwald da ke ƙasansa kaɗan, ko Lauterbrunnen inda akwai ɗakunan haɗaka da filin kafa tanti.

Mataki na 5: Koyon karanta alamun hanya

Wannan matakin kada ka tsallake shi. Suwizalan tana da hanyoyin ƙafa masu alama sama da kilomita 65,000, kuma launi uku ne ke gaya maka irin abin da ke gabanka.

Allo rawaya zalla: hanya mai sauƙi, kowa na iya bi. Allo rawaya mai bakin fari-ja-fari: hanyar dutse, tana da hawa mai tsauri, da wuraren ƙunci, wani lokaci da rami a gefe. Tana son takalmi na gaske da ƙafar da ba ta rawa. Allo shuɗi mai fari-shuɗi-fari: ta ƙwararru ce, akwai inda za a kama dutse da hannu ko a taka ƙanƙara. Wannan ba taka ba ce a zuwan farko, ko da wani ya ce maka "ai gajeriya ce". Za ka ga launukan an shafa su a jikin duwatsu da itatuwa a kan hanya. Idan ka yi minti goma ba ka ga fenti ba, tsaya, ka koma inda ka ga na ƙarshe. Kada ka yanke ta cikin ciyawa don kana hango garin a ƙasa. A wannan yanki gangaren ciyawa yakan ƙare ne a bakin dutse mai tsawon ɗaruruwan mita.

Allunan ba kilomita suke rubutawa ba, lokaci ne: 2 h 30 min, wato awa biyu da rabi. Lissafin na mai tafiya ba tsayawa ne. Babu hutu a ciki, babu cin abinci, babu ɗaukar hoto, babu sallah. Sabon shiga ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai. Idan kana son ka auna da kanka a taswira, ka ɗauka kilomita 4 a awa a kan shimfiɗa, hawan mita 300 a awa, saukar mita 500 a awa. A ranar farko ka duba agogo tsakanin allo biyu, ka ga yadda saurinka yake da nasu, da wannan za ka yi lissafin sauran kwanakin.

Mataki na 6: Jera tafiye-tafiye daga ƙarami zuwa babba

Rana ta farko, ka hau jirgi zuwa Grütschalp ka dawo Mürren da ƙafa ta Winteregg. Awa ɗaya da 'yan mintuna ne, hanya kusan a shimfiɗe, tsaunukan nan uku suna gabanka har ka iso. Idan ka gaji akwai tasha a Winteregg. Da yamma, in da sauran kuzari, gangara Gimmelwald cikin minti arba'in, ka dawo a motar igiya.

Rana ta biyu, sauka kwari. Daga Lauterbrunnen zuwa Stechelberg ƙasa da awa biyu ne, babu hawa. Kwarin ya yi suna da magangarun ruwa 72. Staubbach, wanda ke zubowa daga kusan mita 300, yana bakin gari. A tsakiyar hanya akwai Trümmelbach, inda ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya huda cikin dutse, yana iya kai lita 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ka sa rigar ruwa.

Rana ta uku ka taɓa fari-ja-fari. Hau jirgin da igiya ke ja zuwa Allmendhubel, mita 1,907, ka bi hanyar Northface Trail ta Schiltalp da Spielbodenalp ka dawo gari. Kimanin awa biyu da rabi a allo. Za ka ratsa makiyaya da bukkokin da ake yin cuku.

Rana ta huɗu, tsallaka ɗaya ɓangaren kwarin: jirgi zuwa Wengen, motar igiya zuwa Männlichen, sai tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa Kleine Scheidegg, mita 2,061. Hanya ce mai faɗi, har yara da tsofaffi na bi, fuskar arewa ta Eiger tana ƙara girma a gabanka. Ka je da wuri, don da hantsi ta cika.

Sai bayan waɗannan, idan ƙafa lafiya kuma an yi hasashen rana mai kyau, ka nufi Rotstockhütte, masaukin kan dutse a mita 2,039. Zuwa da dawowa yini ne, kuma akwai hawa mai tsauri bayan Spielbodenalp. Daga can hanya ta ci gaba zuwa mashigar Sefinenfurgge, mita 2,612, wato ta ɗara Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya. Shawarata ka bar ta sai wani zuwan. Haka nan hanyar igiyar ƙarfe da ke bin jikin dutse daga Mürren zuwa Gimmelwald: ba a shiga sai da kayan ɗaure jiki, sabon shiga kuma sai da ja-gora.

Mataki na 7: Yanayi, da lokacin juyawa

Kowane dare ka duba MeteoSwiss, da safe ka sake dubawa. Ka tambayi mai masauki ma, su ne suka san abin da gajimaren kan kowane dutse ke nufi.

A ranakun zafi safiya kan zo garau, wajen azahar gajimare su fara taruwa a kan tsaunuka, la'asar ta zo da tsawa, wani lokaci da ƙanƙara. Mu da muka saba ganin hadari ya haɗo daga gabas tun daga nesa, a nan dutse ne ke ɓoye shi, sai ya iso kanka. Saboda haka ka fita ƙarfe bakwai ko takwas, ka sa a ranka cewa ƙarfe biyu ka baro wuri mafi tsawo. Kafin ka fita ka yanke lokacin juyawa, ka faɗa wa abokin tafiya. Idan lokacin ya yi, ku juya, ko saura minti ashirin ku isa. Mutum yana ganin ya riga ya sha wahalar hawa, ya ji ba zai iya barin abin ba. Yanke shawarar tun a ɗaki shi ke hana gardama a kan dutse.

Idan tsawa ta riske ka, ƙirga tsakanin walƙiya da ƙara. Ƙasa da daƙiƙa 30 na nufin tana kusa. Sauka daga tudu, nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai, da shingen waya, da rafi. Ajiye sandunanka nesa, ka tsuguna a kan jakarka ƙafafu a haɗe. In akwai bukka ko tasha kusa, ita ce mafaka.

Sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowane hawan mita 1,000, ga iska. Da ka tsaya hutawa ka sa rigar sanyi kafin gumi ya huce a jikinka. Rana kuma ta fi ƙuna a sama ko da ba ka jin zafinta. Baƙar fata ma tana ƙonewa a can, musamman hanci da leɓe da bayan wuya.

Mataki na 8: Yadda ake takawa

Fara a hankali, har ka ji kamar kana wasa. Ma'aunin shi ne ka iya hira ba tare da haki ba. A hawa, gajerun taku, tafin ƙafa duka a ƙasa. A sauka, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka ƙara ɗaure igiyar takalmi, ka tsawaita sanduna. Yawancin faɗuwa a sauka ake yi, lokacin da an gaji kuma hankali ya riga ya isa gida. Idan za ka kalli wuri ko ka ɗauki hoto, tsaya cak tukuna.

Sha ruwa kafin ƙishi. Famfunan da ke zuba a kwami cikin gari ruwan sha ne, sai wanda aka rubuta Kein Trinkwasser, wato ba ruwan sha ba ne. Ruwan rafin da ya ratso makiyaya kada ka sha. Da ka ji wani wuri a ƙafarka yana zafi-zafi, zauna nan take ka manna filasta, kada ka jira ya zama bororo.

Duk wanda kuka haɗu ka gaishe shi. Mutanen jihar Bern, wadda Mürren ke ciki, "Grüessech" suke cewa. A wurin ƙunci mai saukowa yakan kauce wa mai hawa.

Mataki na 9: Shanu, karnuka da kaska

Hanyoyin suna ratsa gonakin mutane ne. Duk ƙofar shingen da ka buɗe ka rufe ta, siririyar wayar da ke zagaye makiyaya kuma tana da lantarki. Shanun da ƙararrawa a wuya ba ruwansu da kowa, sai saniya mai maraƙi: ba ta fili mai yawa, kada ka bi tsakaninta da ɗanta, kada ka taɓa shi. Idan babban karen da ke gadin tumaki ya taso yana haushi, tsaya, kada ka gudu, kada ka ɗaga masa sanda, ka zagaye garken a hankali ko ka koma. A cikin daji da doguwar ciyawa na ƙasa-ƙasa akwai kaska mai ɗauke da cuta, don haka ka duba jikinka da dare, bayan gwiwa da hammata da matsematsi. Furanni a bar su inda suke, da yawansu doka ta hana tsinka.

Mataki na 10: Abinci da sallah

Cin abinci a gidan abinci kullum zai cinye kuɗin tafiyar. Akwai shagon Coop a Mürren. Sayi burodi, cuku, ayaba, kifin gwangwani da cakulan, ka haɗa guzurinka. Shagunan ƙauye suna rufewa da wuri, kada ka bari sai dare. Masauki mai kicin ya fi.

Kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida: an hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu da ba na Tarayyar Turai ba, za a ƙwace a filin jirgi. Dabino da ƙuli-ƙuli sun fi dacewa da jakar dutse.

A takardar abinci, Schwein, Speck da Schinken duk alade ne. Rösti, wato soyayyen dankalin da aka goge, da Älplermagronen, makaroni da cuku, sau da yawa ana barbaɗa musu Speck, sai ka ce a cire tun wajen oda. Fondue kuwa, wato narkakken cuku da ake tsoma burodi a ciki, da giya ake narka cukunsa. Gidajen abincin halal suna Interlaken, inda baƙi daga ƙasashen Larabawa ke yawan zuwa.

Alƙibla kudu maso gabas take. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, isha ta yi nisa, asuba kuma ta zo da wuri sosai, don haka ka tsara barcinka, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ka taso. Ƙaramar darduma mai naɗewa ba ta da nauyi. Ruwan alwala a can yana da sanyi har cikin ƙashi, ka goge ƙafa ta bushe sarai kafin ka mayar da safa.

Mataki na 11: Idan abu ya faru

Kafin ka fita, gaya wa mai masauki inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa. Lambar ceto ta jirgi mai saukar ungulu, Rega, ita ce 1414, ta gaggawa ta gama-gari kuma 112. Ka faɗi inda kake, abin da ya faru, mutum nawa ne, da yadda yanayin wurin yake. Manhajar Rega tana aika musu wurinka kai tsaye. Idan babu sabis, alamar neman agaji a tsaunukan Alps ita ce busa usur ko haska tocila sau shida cikin minti ɗaya, a dakata minti ɗaya, a sake. Wanda ya ji zai amsa da sau uku a minti. Ka lulluɓe wanda ya ji rauni, ka raba shi da ƙasa mai sanyi da jaka ko riga, kada a bar shi shi kaɗai muddin akwai yadda za a yi.

Ciwon kai da jiri da tashin zuciya a wuri mai tsawo, kamar Schilthorn mai mita 2,970 da motar igiya ke kai mutum cikin ɗan lokaci, maganinsu sauka ne. Kada ka hau can a ranar da ka iso. Bari sai rana ta uku ko ta huɗu, kuma ka duba hoton kyamarar da ke kan dutsen a tasha kafin ka biya, don idan hazo ya rufe shi ba abin da za ka gani.